Darasi na 9: Neman kayan gyaran fankar sama

Idan bazara ta kama, watan Afirilu ya tsaya, ranar da fankar ɗaki ta mutu ba mai runtsawa a gidan. Mutane da yawa sai su ɗauka fankar ta gama yayi, su fara lissafin sayen sabuwa. Ku dakata tukuna. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a cikinta.

Ku fara sauraron fankar. In kun kunna tana gurnani amma ba ta juyawa sai an tura fiffikenta da sanda, ko tana juyawa a kasalance alhali wuta na da ƙarfi, to kafasita ce ta gaji. Ita ce ɗan gwangwanin nan, ko ɗan akwatin roba, da ke maƙale a saman injin da wayoyi guda biyu. Aikinta shi ne ba injin ƙarfin tashi. In kuwa ƙarar gogar ƙarfe kuke ji, boris ne ya cinye, wato zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki da injin ke juyawa a kansa. Fankar da ke gudu a lamba ɗaya kawai, laifin na rigiletar bango ne, wato abin da ake murɗawa a ƙara ko a rage gudun fanka. Ƙaurin ƙonewa shi ne babbar matsala, don kwayil, wato wayar da aka naɗe a cikin injin, ya ƙone ke nan, sai an kai wa mai naɗi.

Kafin a taɓa komai, a kashe wutar gidan daga babban makunni. Kashe na bango kaɗai bai isa ba. Kuma kada a sa yatsa a bakin wayoyin kafasita, domin takan riƙe wuta ko bayan an cire ta. Wanda bai saba ba ya kira mai gyaran lantarki.

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Kowace kafasita akwai rubutu a jikinta. Za ku ga lamba kamar 2.5, a gabanta da alamar µF, sannan wata kamar 450V. Ta farko ita ce girman kafasitar, kuma dole sabuwar ta zo daidai da tsohuwar. Wasu sukan sa wadda ta fi girma wai don fanka ta ƙara gudu. Za ta yi gudun, amma injin zai riƙa zafi har kwayil ya ƙone, ni kam ban taɓa ba kowa wannan shawara ba. Lamba ta biyu in ta ɗara ba laifi, kada dai ta gaza. Boris ma da lambarsa a gefe, galibi 6201 ko 6202.

Ku rubuta lambobin a takarda, ku kuma tafi da tsohon kayan kasuwa. A Kano, masu kayan wuta suna Sabon Gari. Ku miƙa wa mai shago ku ce, "Malam, irin wannan nake so, mai 2.5." In ya ɗauko, ku karanta jikinta da kanku. Wadda ta kumbura ko rubutunta ya goge, ku mayar masa. Ku tambaye shi ko zai canza in ba ta yi ba, ku karɓi rasit.

Aikin gida: ku nemi tsohuwar kafasita wurin mai gyara a unguwarku, ku kwafe duk lambobin jikinta a littafinku, ku zo da su aji.