Yadda ɗakin karatunku zai samu kuɗi ba tare da roƙo ba

Salamu alaikum 'yan uwa masu kula da ɗakunan karatu a Zariya.

Ku buɗe rajistar Amazon Associates, wato shirin kamfanin sayayya ta intanet na Amazon da ke biyan lada ga wanda ya kawo masa mai saye, da sunan ɗakin karatunku. Kyauta ce. Za su ba ku linki na musamman ga kowane littafi. Duk wanda ya bi ta linkin ya saya cikin awa 24, ɗakin karatu na da lada, shi kuma mai saye ko kwabo ba a ƙara masa ba.

Amma kada ku sa rai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru da Kongo. Yawancinsu kwafi suke yi ko su ari na aboki. Mutanenku su ne tsofaffin ɗaliban ABU da ke Amurka da Ingila, waɗanda dama can suke sayayyarsu. Mu a ɗan ɗakin karatunmu na Tudun Wada, jerin littattafan da malamai ke yabawa muka sa a shafinmu, kowane da linkinsa, muka roƙi tsofaffin ɗaliban su riƙa bi ta nan.

Ladan ku karɓe shi a matsayin katin kyauta na Amazon, wato katin da ake sayayya da shi a shafinsu, ku sayo littattafai da shi. Ya fi wahalar cire dala sauƙi.

Inda take ɓaci: in ba a yi ciniki 3 cikin kwana 180 na farko ba, rufe rajistar za su yi. Kada ku sayi abu ta linkinku, haramun ne a dokarsu. Ku kuma rubuta a shafin cewa kuna samun lada, wannan wajibi ne. Kuɗin yana jinkiri, kusan wata 2, don haka kada ku ɗora kuɗin wutar lantarki a kansa.