Yadda Ake Riƙon Babur Ɗin Tirayal a Sakkwato

Ranar da na fara sauke babur ɗina na tirayal daga bayan a-kori-kura a ƙofar gida, wani dattijo ɗan kabu-kabu ya tsaya ya zagaya shi sau biyu, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, wanga mashin ina kujera tai?" Na ce, "Baba, haka aka ƙera shi, a tsaye ake tuƙa shi." Ya girgiza kai ya tafi. Tambayarsa tana kan hanya, domin duk wanda idonsa ya saba da Boxer da Jincheng zai ga babur ɗin tirayal kamar wanda ba a gama haɗawa ba. Ba wurin zama, tanki bai kai lita 3 ba, nauyinsa duka kusan kilo 70.

Tirayal wasa ne na hawa duwatsu da gangare da kwazazzabai a kan babur ba tare da ka sa ƙafa ƙasa ba. Gudu ba ya cikin lissafi. Ana shata ɗan fili da tutoci, alƙali ya tsaya yana kallo. Ka dire ƙafa sau ɗaya an rubuta maka 1, sau biyu 2, sau uku ko fiye 3, in ka faɗi ko ka fita daga shata an rubuta 5. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. A Birtaniya aka faro shi, kuma gasar kwana shida ta ƙasar Sikotilan da aka soma a 1909 har yau ana yin ta a yankin Fort William. To ga yadda za ka riƙe irin wannan babur a garin da ƙura da zafi suke gwada kowane ƙarfe.

Mataki na farko: zaɓe da dubawa kafin ka biya

Kusan duk wanda zai shigo hannunka na hannu ne daga Turai. Sunayen da za ka ci karo da su su ne GasGas da Montesa da TRS da Vertigo na Sifen, Beta na Italiya, sai Sherco da Scorpa. Shawarata ga mai farawa ita ce mai girman inji cc 250, ko ma 125 in jikinsa ba shi da nauyi. Kada girman lamba ya ruɗe ka ka ɗauki 300. Ƙarfinsa yana zuwa ne farat ɗaya, mai koyo kuma hannunsa bai san sassauci ba tukuna, sai babur ya fice daga ƙarƙashinsa ya bar shi a ƙasa.

In babur yana gabanka, ɗora shi a kan akwati tayoyi su bar ƙasa. Kama kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe. In tana motsi, boris ya tafi. Ɗaga tayar baya sama ka ji ko akwai ƙas-ƙas a mahaɗar shokozoba. Leƙa farantin ƙarfen da ke kare gindin inji: in ya lotse har ya manne da inji, to babur ya sha duka, kuma wata rana dutse zai fasa injin kansa. Sannan ka sa a tayar da shi yana sanyi, ka tsaya har fankar lagireto ta kunna kanta. In ba ta kunna ba, kada a yi ciniki sai an gano dalili.

Tun a ranar saye ka yi odar kayan gyara, domin ba za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka na Beta a miƙo maka ba. Soson iska guda biyu ko uku, fulogi, hannun birki da na kuloci, takalmin birki, roba da sil na famfon ruwa. Boris kam yawancinsu masu lamba ne na gama-gari, in ka kai tsohon wajen masu sayar da boris za a duba lambar a ba ka irinsa.

Mataki na biyu: soson iska

A nan zan daɗe, domin wannan ne ke kashe injin a ƙasarmu. Waɗanda suka ƙera babur ɗin suna tunanin laka da ruwan sama. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, ƙurar da ko cikin ɗaki rufaffe sai ta kwanta a kan kwano. Akwatin iskar babur ɗin tirayal ƙarami ne, yana ƙasa-ƙasa daf da tayar baya, inda ƙura ta fi tashi. Ƙurar da ta wuce soso ta shiga inji tana cin fistin da ringi kamar yadda dutsen niƙa ke cin gero, kuma ba za ka ji komai ba sai ranar da ka taka kik ka ji ya tafi salalau babu matsi.

Don haka a lokacin hunturu, duk fita ɗaya wanki ɗaya. Cire soson a hankali kada datti ya zuba cikin maƙogwaron kafireta; toshe ramin da tsumma mai tsabta. Wanke soson da kananzir ya narkar da tsohon mai, sannan da ruwan ɗumi da sabulu. Matsa shi a tafin hannu, kada ka murɗe shi kamar wanki, zai yage. Shanya shi a inuwa ya bushe sarai. Daga nan ka zuba masa man soso, mai danƙo ɗin nan da aka yi don wannan aiki, ka mulmula har ko'ina ya samu, ka matse rarar. Busasshen soso ba ya tare ƙura, man ne ke kama ta. Shafa giris siriri a bakin da ke zama kan akwati, ka goge cikin akwatin tas, ka cire tsumman nan da ka toshe rami da shi, ka mayar. Bi gefen da yatsa ka tabbatar ya zauna ko'ina. Abin da ya sa na ce ka sayi biyu ko uku ke nan: ɗaya na kan babur, ɗaya na jiranka a leda da mansa.

Mataki na uku: haɗin mai

Banda Montesa mai zagaye huɗu, galibinsu injinsu mai zagaye biyu ne, irin wanda ake gauraya fetur da man tu-ti. Ba su da famfon da ke haɗawa da kansa, kai za ka auna. Na zamani suna shan kashi 1 na mai cikin kashi 70 zuwa 100 na fetur, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce, kuma da mai mai kyau na gwangwani rufaffe. In 1 cikin 80 ne, lita 5 na fetur tana ɗaukar mililita 62 da ɗoriya. Sayi babban sirinji a kemis ka riƙa aunawa da shi, ka daina kintace da murfin gora. Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe tana ɗiga. Ya yi kaɗan, inji ya kama.

Fetur kuma daga gidan mai, a tace shi da ƙyalle mai laushi kafin ya shiga tanki. Ramukan kafiretan nan sun fi ƙofar allura ƙanƙanta. In za ka ajiye babur fiye da sati biyu, rufe famfon mai ka bar inji ya shanye na cikin kafireta, don a zafinmu fetur yana bushewa da wuri ya bar danƙo.

Mataki na huɗu: zafi

Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yana haura 40, wannan babur kuwa aikinsa tafiyar hawainiya ce, iska ba ta bugun lagireto. Rayuwar injin a hannun ƙaramar fankar nan take. Kafin kowace fita, inji yana sanyi, buɗe murfi ka ga ruwa ya cika. Zuba ruwan lagireto na gora mai launi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farar ƙasa a cikin bututu, irin wadda kake gani a gindin butar shayi. Kada ka taɓa buɗe murfin inji na da zafi. A bazara ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin hantsi ya ɗaga, ko ka bari sai bayan la'asar. Hakan ya fi wa inji, ya fi maka kai ma.

Man giya ana canza shi akai-akai, don bai kai rabin lita ba a yawancinsu kuma a cikinsa kuloci ke wanka. In ka zubar ka ga ya yi fari kamar kunu, sil ɗin famfon ruwa ya mutu, ruwa na shiga. Kada a zuba baƙin man mota, kuloci zai riƙa sulɓewa. Shi kuma ruwan kuloci da na birki, karanta abin da aka rubuta a kan murfin: wani DOT 4 yake sha, wani man minaral, in aka sauya musu robobin ciki za su kumbura.

Mataki na biyar: iskar taya

Wannan ya taɓa cina. Na aika yaro da babur wajen mai faci, ya ga taya a lanƙwashe, cikin kyakkyawar niyya ya buga mata iska kamar ta Boxer, kusan fam 30. Dutsen farko da na nufa tayar ta yi tsalle kamar ƙwallo ta watsar da ni, na yi sati biyu gwiwa a kumbure. Tayar tirayal da laushi take aiki, tana rungumar dutse. Ta baya fam 4 zuwa 5, ta gaba 6 zuwa 7. Gejin masu faci ba ya karanta ƙasa haka, sai ka nemi naka ƙarami mai tsayawa a 15, da famfon keke. Auna a wurin wasa, ka sake aunawa in rana ta ɗaga, don zafi yana ƙara iskar.

Tayar baya, mai inci 18, ba ta da tib, saboda haka ka riƙa tafiya da igiyar facin nan da ake cusawa. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa raga wa roba mai laushi. Ta gaba mai inci 21 tana da tib. Bayan kowane wasa bi sifok da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar gwangwani ya saki. Sarka kuma mai kaɗan, a goge rarar, don mai da yashi in sun haɗu sun zama abin goge ƙarfe.

Mataki na shida: inda za ka hau, da yadda za ka fara

Babur ɗin ba na titi ba ne. Ɗauke shi a mota ko keke mai ɗaukar kaya. Tsofaffin ramukan da aka haƙi marmara a bayan gari, da kwazazzaban da ruwan damina ya zaizaye, sun ishi mai koyo shekaru. Amma a halin tsaron da ake ciki, babur a daji abin zargi ne, kuma tun 2021 gwamnatocin jihohin arewa maso yamma suka sha kafa dokoki kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Ka tsaya kusa da gari. Ka je ka gaida mai unguwa ko hakimi ka yi masa bayani, ka sanar da jami'an tsaron yankin, ka nemi izinin mai fili. Gona mai shuka ba a taka ta. Kada ka fita kai kaɗai, kuma hular kwano da takalmi mai rufe ƙwauri da igiyar kashe inji a wuyan hannu ba a barin su gida.

Kada ka fara da dutse. Fara a tsakar gida inji a kashe: karya kan babur gefe, riƙe birki, hau ka tsaya, gwiwoyi a buɗe, ka ga daƙiƙa nawa za ka yi. Minti goma kullum. Sai zagayen lamba 8 a giya ɗaya, a hankali iyakar iyawarka, yatsa ɗaya a kuloci ɗaya a birki, ido a inda za ka je. Sai ka yi wata kana wannan kafin ka ajiye tsohuwar tayar mota ko guntun icce ka koyi ɗaga gaba. Na ga samarin da suka iya ɗaga Boxer a titi suna raina wannan mataki, kuma su ne suka fi shan wahala daga baya, domin sun saba neman mafita a totur, tirayal kuwa a kuloci da ƙafafu take.

Halin da wasan yake ciki

Ko a Turai wasan 'yan ƙalilan ne. Gasar duniya ta soma a 1975, Martin Lampkin na Ingila ya fara cinye ta a kan Bultaco, ɗansa Dougie ya riƙe ta sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003. Daga 2007 kuma Toni Bou ɗan Sifen, a kan Montesa, ya mamaye ta fili da ta cikin zaure shekara bayan shekara har kambunsa suka haura 30. A ɓangaren mata akwai Laia Sanz da Emma Bristow. Kamfanonin ƙanana ne, shi ya sa kayan gyara ke tsada, ga canjin kuɗi ya ƙara mana nauyi. Sabon abin da ke tasowa shi ne na lantarki, irin Electric Motion na Faransa da Oset na yara. Ina kallonsu da sha'awa, don ba soson iska, ba haɗin mai, ba ƙarar da za ta tayar da hankalin ƙauye, ko da yake batir ma ba ya son zafi, sai an ajiye shi a inuwa.

A nan gida babur ɗaya yana isar mutum huɗu ko biyar, tunda kowa minti ɗaya ko biyu yake yi a cikin shata ya sauka. Mu haka muke yi ranar Asabar da safe: a kafa tsinke da tsumma a shata wuri uku, ɗaya ya riƙe takarda da biro, a yi zagaye uku-uku, a haɗa kuɗin mai. Yaran ƙauyen da ke zuwa kallo yanzu sun san lissafin, kafin mai biro ya rubuta sun riga sun ɗaga yatsu.