Kurakuran da manyan meri suka fi yi, da yadda za a gyara

Tun da aka kafa dokar 24 ga Disamba 2019 kan ƙananan hukumomi, nauyin da ke kan magajin gari da sakatare janar da ma'ajin meri (wato ofishin ƙaramar hukuma) ya ƙaru sosai a Kamaru. Duk da haka, abin da ke kayar da su a Garwa, Marwa ko Ngaundere ba sabon abu ba ne.

Babban kuskure shi ne magajin gari ya riƙa taɓa kuɗi da hannunsa. Doka ta raba aikin gida biyu: magajin gari ke ba da umarnin kashewa, ma'aji ne kaɗai ke karɓa yana biya. Amma sai ka ga ranar kasuwa yaran meri sun yanki tikiti a layin 'yan albasa da na 'yan tumaki, da la'asar an kawo kuɗin a leda, wani babba ya ce a cire na man mota da na gudunmawar biki tukuna, saura a kai wa ma'aji. Ko da niyyar kirki aka yi, wanda ya yi haka ya mai da kansa ma'ajin da ba a naɗa ba, kuma sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli na iya sa shi ya biya daga aljihunsa. Gyaran ba shi da wuya: kowane tikiti ya kasance da lamba, a rubuta wanda aka ba littafin, kuɗin ya kwana a hannun ma'aji, duk abin da za a saya ya bi ta takarda. Idan ma'aji ya ƙi biya don takardu ba su cika ba, ba raini ba ne, ranka ya daɗe, rufin asirinka yake yi.

Na biyu, mai da sakatare janar ɗan aike. Magajin gari zaɓaɓɓe ne, wa'adi ne ya kawo shi, wa'adi zai tafi da shi. Sakatare janar kuwa shi ke haɗa kan ma'aikata, shi ke shirya zaman majalisa, shi ya san inda kowace takarda ta kwana. In aka tsallake shi ana ba ƙananan ma'aikata umarni ta waya, to ranar da firefe, wakilin gwamnati mai sa ido kan meri, ya nemi bayani, kowa sai ya ce ba shi aka faɗa wa ba. Zama ɗaya a mako da shugabannin sassa, a rubuta abin da aka yanke, ya wadatar.

Sai kasafin kuɗi na mafarki. Ana zuba manyan lambobi don kansiloli su ji daɗi, kowa a sa masa rijiyar burtsatse a unguwarsa, alhali abin da ya shigo bara bai kai ko kusa ba. Shekara ta ƙare, 'yan kwangila na zarya, ma'aikata na bin albashi. A fara da duba ainihin abin da aka tara a shekarun baya, kuma kada a lissafa tallafin FEICOM, asusun gwamnati mai tallafa wa ƙananan hukumomi, kamar ya riga ya shigo. Haka nan, kasafi ba ya fara aiki sai firefe ya amince, don haka a kai masa da wuri.

Akwai kuma rikicin iyaka. Garwa, Marwa da Ngaundere kowanne na da meri uku, ga kuma magajin babban gari a sama. Kwata ta toshe da damina, wannan ya ce na wancan ne. A zauna tun da rani a rubuta wa ke da wace hanya da wace kasuwa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sakaci da takardar haihuwa, don ba ta kawo riba, ba a kuma yanka mata kintinkiri. Magajin gari shi ne jami'in rajistar haihuwa da aure da mutuwa. In littafin rajista ya ƙare aka bar shi watanni, ko takardu suka taru ba sa hannu, yaro ne zai isa ajin ƙarshe na firamare a hana shi jarrabawa, uba ya koma bin kotu neman hukuncin da zai maye gurbinta. A ware kuɗin littattafai a kasafi, mataimakan magajin gari su riƙa sa hannu in ba ya nan, a kuma haɗa kai da lawanai da jauro da asibitocin haihuwa, su kawo sunayen jarirai kowane wata.