Yadda ake cin dakgalbi a Chuncheon

Dakgalbi naman kaza ne da aka jiƙa a yajin gochujang (kwaɓin jan barkono na Koriya), ana soya shi a gabanka tare da kabeji, dankalin Hausa da tteok, wato curin shinkafa mai danƙo. Asalinsa garin Chuncheon ne, a Koriya ta Kudu.

1. Daga tashar Yongsan a Seoul, hau jirgin ƙasa na ITX zuwa Chuncheon, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna.

2. Yawancin gidajen cin dakgalbi ba sa sayar da ƙasa da na mutum 2. Mai kiyaye halal ya tambaya tun daga ƙofa, don kazar ba lallai yankan Musulmi ba ce, kuma wasu na zuba giyar girki a haɗin.

3. Nemi ƙyallen rufe gaba. Jan yajin nan na fantsama.

4. Bar ma'aikaci ya riƙa juyawa. Tteok ke fara nuna, ɗauke shi da wuri, in ya daɗe sai ya manne a kasko. Kazar kuwa sai ta kai kamar minti 15. Tsaga yanka ɗaya, in cikinsa da ja, dakata.

5. Naɗe naman a ganyen latas da tafarnuwa.

6. Kada ka share kaskon tas. Rage ɗan romo, ka ce "bokkeumbap", za a soya shinkafa a ciki. Bari ƙasanta ya yi ƙanzo tukuna.