Yadda Ake Ɗaukar Riƙon Kyanwa Mai Ciwon Da Ba Ya Warkewa a Legas

A wuraren da ake tsugunar da dabbobin da aka ceto daga titi, kyanwa mai ciwon ƙoda ko ciwon suga takan daɗe ba ta samu mai ɗauka ba, domin galibin masu zuwa lafiyayyiya suke nema. Riƙon irin wannan kyanwa alheri ne babba, amma nauyi ne na kullum da zai iya ɗaukar shekaru, don haka ya wajaba mutum ya auna ƙarfinsa tun kafin ya kai ta gida.

Matakin farko shi ne neman cikakken tarihinta daga waɗanda ke riƙe da ita. Ka tambayi sunan ciwon, da magungunan da take sha da adadinsu da lokutansu, da irin abincin da ta saba da shi, sannan ka karɓi katin rigakafinta, musamman na ciwon haukan kare. Idan aka ce tana ɗauke da FIV, wato ƙwayar cutar da ke raunana garkuwar jikin kyanwa, kada hankalinka ya tashi: ba ta kama mutum, kuma tsakanin maguna ma yawanci ta hanyar cizo mai zurfi take yaɗuwa.

Na biyu, ka samu likitan dabbobi mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, kuma ka zaɓi na kusa da kai. Wanda ke zaune a Agege ko Mile 12 ya san cewa asibitin da ke Lekki ba zai yi masa amfani ba ranar da kyanwa ta kasa tashi ga kuma cunkoso a hanya. Ka kai ta a duba ta a makon farko, ka nemi likita ya lissafa maka kuɗin magani da gwajin jini da abinci na wata guda, domin abincin masu ciwon ƙoda daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin canjin dala.

Idan gidan haya kake, ka nemi yardar mai gida tukuna. Ka ware mata ɗaki ko lungu mai iska, da ruwa mai tsabta a kwano fiye da ɗaya, da akwatin yashi na ba-haya da za a riƙa kwashewa kullum; mace mai juna biyu kada ta yi wannan aikin.

Maganar magani ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Kyanwa mai ciwon suga yawanci ana yi mata allurar insulin sau 2 a rana, tsakaninsu awa 12, tare da abinci, kuma kwalbar tana son sanyin firji na digiri 2 zuwa 8 ba tare da ta daskare ba. A garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, dole ka tanadi ƙaramar kula da ƙanƙara, ka naɗe kwalbar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. Ka rubuta lokacin kowace allura a takarda ka manna a jikin firji, saboda kada mutum biyu a gida su yi mata allura sau biyu. Idan ka ga tana tangaɗi ko jikinta ya saki bayan allura, ka shafa mata zuma a dasashi ka garzaya asibiti.

Ina roƙon kowa da babbar murya: kada a ba kyanwa farasitamol, ko da ɓari ne, domin jikinta ba ya iya sarrafa shi kuma yana kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin guba ne gare ta, sannan albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, don haka ragowar miya da tsire ba abincinta ba ne. In za a fesa maganin sauro, a fitar da ita har sai iska ta ratsa ɗakin.

Sauya abinci ana yinsa a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana gauraya sabo da tsoho. Busasshen abinci kuma a rufe shi cikin roba mai murfi, domin laimar Legas tana sa ya yi fumfuna da wuri.

Daga nan sai lura ta yau da kullum. Ka riƙa auna nauyinta duk wata, ka kula da yawan ruwan da take sha da yawan fitsarinta. Kyanwar da ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, ko take amai a kai a kai, a kai ta wurin likita ba tare da jira ba. Muzurun da ke ta yunƙurin fitsari ba ya fita kuwa, a ranar nan za a kai shi, ko da tsakar dare ne, domin toshewar mafitsara tana iya halaka shi cikin kwana biyu ko uku.