Yadda Ake Rage Sabon Ƙyaure Ya Shiga Tsohon Firam

Ƙyauren ɗaki da ake saye a shirye, ko mai faɗin ƙafa uku ko ƙafa biyu da rabi, a miƙe yake fitowa. Firam ɗin da ya daɗe a jikin gini kuwa da wuya ka same shi haka, musamman a tsofaffin gidajen cikin birnin Katsina, irin na Yarinci da Rafindaɗi, inda bango ya riga ya zauna. Don haka ni firam nake bi, ƙyaure ne zai yi masa biyayya.

Auna faɗin firam a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, sannan tsawonsa ta hagu da ta dama. In abin da za ka rage a faɗin ƙyauren ya wuce milimita 10, mayar ka canjo wani, kada ka ce za ka fere. Dalili shi ne yawancin ƙyauren nan masu fuskar falawud cikinsu rami ne, siririn katako kawai aka zagaya a gefe. Milimita 5 a kowane ɓangare ya isa. Ka wuce nan sai ka cinye naman da sukurun hinji zai kama. Duba kuma ɓangaren da aka saka guntun katakon da makulli zai zauna a ciki, wasu kamfanoni kan sa alama a saman ƙyauren. In babu, ƙwanƙwasa da yatsa, inda ƙarar ta mutu nan ne.

Ɗaga ƙyauren ka jingina shi a firam, wani ya riƙe maka, ka cusa weji, wato guntun katako mai tsini, a ƙasa ya ɗaga shi daga daɓe kamar milimita 8 zuwa 10. In tayil za a sa daga baya, ƙara kaurinsa a lissafi. Sai ka zagaya ta ciki ka bi bakin firam da fensir. Ratar da nake bari a gefe da sama milimita 3 ce, wato kaurin katin ATM huɗu a haɗe.

Nan ne yanayin garinmu ke shigowa, kuma nan ne yara masu koyo ke yawan faɗuwa. Da hunturu katako a bushe yake ƙarau, ya tsuke. Ƙyauren da ka sa cif-cif a watan Janairu, in Agusta ta zo zai kumbura, sai an sa masa kafaɗa. Saboda haka da rani nakan sakar masa ɗan ƙari, da damina kuma in matse kaɗan. Sabon ƙyaure ma a bar shi ya kwana biyu a kwance cikin gidan kafin a taɓa shi, balle wanda bai daɗe da isowa daga Kudu ba.

Tsawo daga ƙasa ake rage shi. Kafin zarto, tsaga layin da wuƙa mai kaifi a fuska biyu, in ba haka ba falawud ɗin zai yi ta ɓarewa kamar ɓawon rake. Gefe kuwa aikin filen ne, wato abin fere katako: tsayar da ƙyauren a kan gefensa, ka riƙa fere shi da dogon hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kana gwadawa a firam bayan 'yan shafa kaɗan. A saman ƙyaure da ƙasansa, turo filen daga kusurwa zuwa tsakiya, kada ka fita ta baki, yana tsagewa. Gefen makulli kuma karkatar da hannu ɗan kaɗan ta ɓangaren da ke fara shiga firam, don kada kusurwar ta daki firam wajen rufewa.

In firam na ƙarfe ne mai hinji a like da walda, hinjin ba ya motsi, daga jikinsa za ka ɗauki alama. Sa sukuru ɗaya-ɗaya tukuna, ka buɗe ka rufe, in ya zauna ka cika sauran. Sannan sauke shi ka goge da samfefa, ka shafa fenti a duk inda zarto ko filen ya taɓa, har ƙasan da ba a gani, domin ta nan ruwan goge ɗaki ke shiga ya ɗaga falawud.