Yadda za ka gyara salansar motarka ta yi gurnani mai kauri, ba ihu ba

Ƙara daban, kauri daban. Motar da aka huda wa salansa ƙara take yi, irin ta janareto da ya tsufa, tana tafe tana tatata har yaran unguwa su toshe kunne. Wadda aka yi wa aiki da ilimi kuwa gurnani take yi ƙasa-ƙasa, ka ji shi a ƙirjinka kafin ya kai kunnenka. Na biyun nake so mu samu, kuma a nan Kaduna muna da masu hannun da za su iya.

Kafin ka sayi komai, kai motar bisa rami ka shiga ƙarƙashinta da tocila, amma sai ta huce. Bi bututun tun daga inji. Za ka fara ganin manifol, inda hayaƙin kowace silinda ke haɗuwa. Daga nan sai katalis, wanda makanikai ke kira indomi saboda abin da ke cikinsa mai ƙananan ramuka. Sai ƙaramar tukunya siririya a tsakiya, sannan babbar tukunya a baya kusa da bamba. Duba ko akwai tsatsa da ta ci ƙarfe, ko baƙin toka a bakin wata mahaɗa, alamar hayaƙi na sulalewa ta wurin. In akwai, a fara ɗinke wannan. Sabuwar tukunya a kan bututu mai yoyo asarar kuɗi ce.

Sai ka san injinka. Mai fulogi huɗu, irin Corolla ko Civic ko Fijo 406 ɗin da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, ba zai taɓa yin muryar mai fulogi takwas ba, ko nawa ka kashe. Zai yi kauri daidai ƙarfinsa. Mai fulogi shida, kamar Camry ko Accord masu babban inji, shi ya fi saurin ba da murya mai daɗi.

Aikin gaske a tukunyar baya yake. Ta kamfani cike take da ɗakuna da lungu-lungu don ta shanye sauti gaba ɗaya. Waɗanda ake sawa a madadinta iri biyu ne. Akwai mai bututu miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da audugar gilas. Audugar tana shanye siririn sauti ta bar mai kaurin ya wuce, irin tukunyar da kamfanin Magnaflow ya yi suna da ita. Akwai kuma mai faranti a ciki da ke juya sautin, irin ta kamfanin Flowmaster, wadda muryarta ta fi tsauri. Ga mai fulogi huɗu ni ta farkon nake ba mutum shawara, kuma ya zaɓi mai babban ciki, don yawan audugar shi ke kawo laushin muryar. In ka je Ori Apata ko Panteka neman ta Beljiyam, ɗaga ta ka girgiza. In ka ji wani abu na kaɗawa a ciki, ajiye ta. Ka leƙa da fitilar waya, ka ƙwanƙwasa jikinta ka ji ko ƙarfen yana da nama.

Kada ka bari a ruɗe ka da ƙaton bututu. Ƙaramin inji inci biyu zuwa biyu da kwata ya ishe shi, mai fulogi shida kuma inci biyu da rabi. In ya wuce haka hayaƙin sai ya rage gudu, motar ta yi nauyin tashi a danja, sautin kuma ya zama holoƙo. Shi kuwa bakin salansa mai ƙyalli da ake maƙalawa a ƙarshe, ado ne kawai.

Abu biyu ne nake roƙon ka bari a wurinsu. Na farko indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa za ka ji ana ce maka: "Alhaji, a fasa shi mana, motar ta sha iska." Kada ka yarda in lafiyarsa ƙalau. Shi ke rage gubar hayaƙin da mu da 'ya'yanmu muke shaƙa, kuma cire shi kan sa sensa ta kunna fitilar inji a dashbod, ga wari. Na biyu ƙaramar tukunyar tsakiya. Ni na taɓa bari aka yanke tawa. A cikin gari ban ji komai ba, sai ranar da na hau hanyar Zariya. Da allurar juyin inji ta zauna wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, sai wani guuu ya cika motar, madubin tsakiya na rawa, mahaifiyata a baya ta dafe kai tun daga Maraban Jos har muka isa. Washegari na koma aka mayar da ita.

Ranar aiki ka tsaya a wurin da kanka. A cire kan batir kafin a fara walda, saboda kwamfutar motar. A yanke tsohuwar tukunyar da kyau, ka ɗauke abarka ka ajiye a gida, wata rana za ka so sayar da motar ko ka gaji da gurnanin. A ɗora sabuwar a robobin rataye, a ɗiga walda wuri biyu ko uku kawai, sannan a tayar da motar ka saurara daga baya da kuma daga cikin mota, gilasai a rufe. In ta yi maka, a zagaye waldar. Ka tabbata akwai tazarar yatsu biyu aƙalla tsakaninta da bamba, kuma ta yi nesa da tankin mai da bututun birki. Kada ta sauko ƙasa fiye da tsohuwar, ko don tudun rage gudu da ramukan damina a layukan Rigasa da Tudun Wada. Robar da ta tsattsage a canja ta a lokacin, ba ta da tsada.

Gwajin yoyo ba a tsallake shi. Inji na aiki, wani ya ɗan toshe bakin salansar da tsumma na daƙiƙa kaɗan, kai kuma ka kasa kunne a mahaɗa, ka kai hannu kusa ba tare da ka taɓa ba. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa in ta taru a mota mai rufaffen gilashi da esi a kunne.

Daga nan ka fita da ita. Bi Ali Akilu cikin cunkoso, ka hau gadar Kawo, sannan ka kama bayan gari inda za ka riƙe gudu ɗaya na mintuna. Tukunya mai auduga takan ƙara buɗe murya bayan 'yan makonni, saboda haka wadda ta yi maka daidai-daidai a ranar farko za ta ɗan ƙaru. Ka kuma tashe ta da asuba a ƙofar gida lokacin da inji ke da sanyi, don a lokacin ta fi ƙara. In maƙwabcinka ya leƙo ta taga, koma wurin mai walda a ƙara mata doguwar tukunyar tsakiya.